Kakanni Goma Sha Huɗu

Kamus ya ce kakanninsa goma sha huɗu ne, duk malamai, kuma na farkonsu da raƙuma bakwai ya shigo garin nan, kowane raƙumi ɗauke da littattafai. Ya ce lokacin da ya iso babu kowa a wurin sai kuraye.

A shagon buga takardu ya faɗi haka, wata Talata da hantsi, yana riƙe da wata takarda da ta sha ninki. Auta, wadda ke zaune a gaban kwamfuta, ba ta tambaye shi ba. Abin da ta tambaya shi ne baƙi da fari yake so ko mai kala.

"Mai kala," ya ce. "A bango zan liƙa."

Shagon askinsa na tsallaken titi. Auta ta san shi yadda kowa a layin ya san shi, wato da murya. Tun safe ake jiyo shi ta cikin ƙarar injin aski yana raba wa mutane tarihi da fatawa da asalin kowace ƙabila, wanda ya nema da wanda bai nema ba. Shi ya sa aka laƙaba masa Kamus. Ya karɓi sunan hannu bibbiyu, don babu wanda ya gaya masa zolaya ce.

Ta buga sunayen, ta ƙirga.

"Sha ɗaya na gani."

Ya ɗaga kai ya kalli fanka, ya zazzago suna uku.

"Waɗannan a ka suke," ya ce.

Ta ɗago ta dube shi. Nan take mai uban surutun nan ya mai da ido kan takalminsa, zufa ta tsatso masa a karan hanci. Ashe bai iya haɗa ido da mace ba. Wannan ne ya kama Auta, ba raƙuman ba.

Daga ranar kullum sai ya samo abin bugawa. Har sanarwa ya kawo mai cewa an hana gardama a shagonsa, ya liƙa ta a saman madubi, ya ci gaba da gardama a ƙarƙashinta. A mako na uku ya karɓi lambarta.

"Sakatariya, yau na gan ki da mayafi ruwan toka. A tarihi masu hankali ne ke yafa shi."

"A wane littafi?"

"Wanda zan rubuta. Ke za ki buga."

Ta karanta sau huɗu, ta kife wayar a cinya, don matar mai shagon na kallonta.

Wata biyar suna haka. Har an tsai da cewa ranar Asabar zai zo gida ya gai da mahaifinta. Ana saura kwana uku, ta tafi sayo tawadar firinta, tana hanyar dawowa saƙonsa ya shigo.

"Sakatariyar zuciyata, kin yi asarar kallo. Wani tsoho ya zo aski yana yabon fim ɗin nan na tarihi da ake nunawa da yamma, wai har hawaye yake yi. Na ce masa na ɗaya ƙarya ce, na biyu kallonsa bai halatta ba, na uku mutanen nasa da yake cewa an nuna jarumtarsu baƙi ne a nan, shekaranjiya suka zo. Ya tashi da rabin aski, ya kifa hula ya fita."

"Kai da ba ka kallo, ina ka san ƙarya ce?"

"Don in kama ƙaryar nake kallo."

Auta ta yi dariya a cikin mota har na kusa da ita ya waiwayo. Ta rubuta: "Kamus ɗina, Allah ya shirye ka. Da na ga tsohon nan da sai an ɗauke ni don dariya."

Da yamma ta koma gida. Mahaifinta tsohon direban babbar mota ne, kuma tun da ta yi wayo, yana shigowa gida hula yake fara cirewa. Ranar ta tarar da shi a falo da hula. Lokacin fim ya yi bai kunna talabijin ba.

"Malam, ba ka jin zafi ne?" Inna ta tambaye shi.

Ya cire hular. Ɓangaren dama fes, kamar an share tsakar gida. Ɓangaren hagu furfura na nan cunkus.

Auta na tsaye da kofin ruwa. Ta ajiye shi a hankali, ta shige ɗaki, ta goge saƙon da ta tura. Gogewar ba ta rage komai ba. Ta yi wa ubanta dariya a cikin motar haya, a gaban mutane.

Ya kamata ta gaya wa Kamus. Sau uku tana rubutawa tana gogewa. A ƙarshe ta lallashi kanta da cewa ƙila in Baba ya gan shi da manyan kaya, babu inji a hannu, ba zai gane shi ba.

Ranar Asabar Kamus ya zo da manyan kaya, ya sha turare. Inna ta riga ta ƙarasa wa Baba askin da reza. Auta ta laɓe a bayan labule.

"Sannu da zuwa, mai gari," Baba ya ce. "Shigo masaukin baƙi."

Kamus ya durƙusa tun daga bakin ƙofa. 

"Baba, wallahi ban sani ba."

"Au, akwai abin da ba ka sani ba?"

"Ban san ku ba ne."

"Da wani ne fa? Shi ba shi da 'ya'ya?"

Kamus ya sunkuyar da kai. 

"Tashi ka je, yaro. Baƙo ba ya ba ɗan gari 'ya. Kada mu ɓata muku jini."

Bai kai bakin titi ba saƙonsa ya shigo.

"Kin sani kika bar ni na shiga?"

"Na sani."

Bai sake rubuto komai ba.

Kwana tara shagon aski shiru, sai ƙarar inji. Mai shayi ya tambaya ko rasuwa aka yi. A cikin kwanakin nan ne wani mai kemis, ɗan aminin Baba, ya fara zuwa gidan. Mutum ne mai tsabta da ladabi. Baba ya ce fim ɗin nan gaskiya ne tsantsa, ya ce haka ne, Baba. Washegari Baba ya ce anya ba su ƙara gishiri ba, ya ce haka ne, Baba. Auta ta zauna da shi sau biyu, ta ji kamar da matashin kai take hira. Sau ɗaya ya sauke ta a bakin shago da motarsa, ta hango Kamus ta gilashi ya tsaya cak da inji a kan wani bawan Allah.

A rana ta goma ta tsallaka titin da ƙafarta. Babu kowa a ciki, yana share gashi.

"Ina yi miki murna," ya ce wa tsintsiya. "Mota ce mai kyau."

"Ajiye tsintsiyar nan."

Ya ajiye.

"Kunya ce ta hana ni gaya maka. Kai ka ci mutuncin tsohon da ba ka sani ba. Ni dariya na yi, kuma ubana ne. Duk sanda na kai masa ruwa ba na iya kallon kansa."

Ya zauna a kujerar aski, ya haɗa hannu.

"Sakatariya, ni ban taɓa ba kowa haƙuri ba. Ban san ta inda ake farawa ba."

"Ta durƙuso ake farawa. Wannan na ga ka iya."

"Mai kemis ɗin fa?"

"In na ce masa sama ƙasa ce, zai ce haka ne. Ni na saba da ciwon kai."

Ranar ce ya fara kallonta ido cikin ido. Bai daɗe ba, amma ya yi.

Sau uku yana zuwa kafin Baba ya fito. Ya ba da haƙuri, babu na ɗaya babu na biyu babu na uku. Baba ya shafa kansa.

"Maganar kai ta wuce, gashi ya fito. Saura maganar asali. Ni direba ne, ba na ɗaukar kaya sai na ga takardarsa. Kawo min babban gidanku ya ƙirga min kakannin nan sha huɗu da bakinsa. In ba haka ba, ga mai kemis nan."

Babban da ya rage a gidan su Kamus mutum ɗaya ce, kakarsa ta wajen uba.

"Na koya mata har na bakwai," ya rubuto ana gobe za su zo. "Ta ce ta riƙe. Ki yi min addu'a, hasken idona."

"Addu'ar me? Ta tuna ko ta manta?"



Kaka ta zo da sandarta, 'yar ƙaramar tsohuwa mai ido kamar na shaho. Ta ƙi kujera, ta zauna a tabarma kusa da Inna. Takardar nan mai kala na hannunta, da ita take fifita. Auta ta koma bayan labule.

Aka gaisa, aka tambayi jiki da gida.

"Iya," Baba ya ce, "an ce gidanku ne tushen garin nan."

"In ji wa?"

Baba ya nuna Kamus da haɓa.

"Wannan mijin nawa? Ai shi tun yana goyo bakinsa ba ya hutawa." Ta gyara zama. "Ni dai kaka ɗaya na sani, don ni na aure shi. A bayan motar gawayi ya shigo garin nan, da riga ɗaya. Ko sannu bai iya da harshenmu ba, ni na koya masa magana. Shekara biyu ubana na cewa ba zai ba baƙo 'ya ba."

"Wace shekara ke nan, Iya?"

"Shekarar da aka kawo wutar lantarki layinmu."

Baba ya ɗan yi lissafi da yatsu.

"Lokacin mahaifina ya yi shekara goma sha biyu da zuwa."

Auta ta ji fuskarta ta ɗau zafi, kamar ita aka tsayar a tsakiyar kasuwa. Ta so ƙasa ta tsage ta haɗiye su su biyu. A nan ta gane Kamus ya riga ya zama nata, don mutum ba ya jin kunyar wanda ba nasa ba.

Kamus bai ɗago ba.

"Baba, ban san su ba. Kowa ya zauna a kujerata yana da kakan da ya yi wani abu. Ni in aka tambaye ni ba ni da abin faɗa. Sai na fara da uku. Daga nan suka yi ta haihuwa."

Inna ta toshe baki da mayafi. Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Mutumin da ya shigo da riga ɗaya, ya kafa gida, ya bar jikoki, shi ne kake jin kunyarsa?"

Kamus ya ƙara sunkuyar da kai. Zufa na ɗiga daga hancinsa zuwa tabarma.

"To. Baƙo dai zai iya ba baƙo. Na ba ka. Amma kullum da yamma nan za ka zo mu kalli fim. Ya halatta ko bai halatta ba?"

"Zan sake dubawa, Baba."

"Duba da kyau. Mai kemis ya ishe ni da yawan cewa haka ne."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba ya sa musu albarka, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, mai ɗan sauƙin baki. Inna ta yi kuka. Kaka ta riƙe hannun Auta ta ce Allah ya ba ta haƙuri da kunne mai ƙwari, ita ta yi nata ta gama. Kowa ya ce amin.

Da la'asar Auta na zaune a ɗaki cikin ƙawaye, saƙo ya shigo.

"Matata. Na rubuta ne kawai in ga yadda kalmar take."

Tana cikin murmushi ta jiyo muryarsa ta taga. Muryar ta dawo garau. Yana tsakar gida da abokansa, yana bayani cewa maganar raƙuma dai masana sun yi saɓani a kai, amma babu shakka kakansa malami ne, don duk wanda ya haddace harshe guda a shekara biyu, ba a raba shi da littattafai.

Kaka na wucewa da buta. Ko tsayawa ba ta yi ba.

"Littattafai? Da babban yatsa yake sa hannu."