Rabin Zaren da Bai Gogu Ba

Ranar Asabar da hantsi, shekara takwas da samun mulkin kai, wani dogon mutum ya jingine kekensa a ƙofar komisariyar 'yan sandan Maraɗi, ya ce ya kawo ƙarar sata.

"Mi anka sace?" in ji Sufeto Ilyasu Barmo.

"Bandi, ranka shi daɗe. Zaren ɗaukar magana."

Sufeto ya aje alƙalami. An sha kawo masa ƙarar raƙumi da ta buhun gyaɗa, amma ta zare yau ya fara ji.

Sunan mutumin Jibo. Shi ke kula da injuna a ɗan ofishin da ake ɗaukar shirye-shiryen rediyo a aika Yamai. Ya ce ranar Laraba ya kunna babbar mashin ta ɗakin ɗauka, ya fita alwala, ya bar ma'aikata biyu a ciki: Zuliha mai shirin mata, da Alkasim mai shirin manoma. Da ya dawo ya tarar Zuliha tana kuka, kuncinta da shatin yatsu. Ya mayar da zaren baya, ya ji komai: maganar banzar da Alkasim ya yi mata, ƙin da ta yi, zagin, da marin.

"Ta kai ƙara wajen darakta, anka kulle bandin cikin kabad. Jibi Litinin kwamitin ladabtarwa za shi zama. Yau da sahe na duba, zaren da ke cikin kwalin babu komi bisanshi."

"Alkasim wanne?"

"Wanda ka sani."

Duk Maraɗi ta san shi. In shirinsa ya zo, masu shayi a Sabon Gari rage wuta suke yi don kada tafasar ruwa ta hana su ji. Alhazai na gayyatarsa suna da aure don kawai a ce ya zo. Sufeto kansa yana son muryar, abin da ya ƙara ɓata masa rai ke nan.

Darakta, Mushe Maliki, kamar yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci, bai yi murna da ganin ɗan sanda ba. Ɗan gajere ne mai yawan share gumi, irin shugabannin da ke tsoron ma'aikacinsu.

"Ba sata ba ce, Mushe Sufeto. Dubi rajista. Bandi arba'in da biyu gare mu, arba'in da biyu ke nan. Wataƙila mashin ɗin ba ta ɗauki komi ba tun farko."

"Kai ka saurara?"

"Ban samu sukuni ba."

"In babu shaida ran Litinin, mi za a yi?"

Darakta ya share wuya. "Wanda ya yi ma abokin aiki ƙazafi, kora ce. Doka ce, ba ni na rubuta ta ba."

Sufeto ya ɗauki zaren da ke cikin kwalin, ya juya shi a haske. Sabo ne ful, ko ƙura babu. Jibo ya rantse nasa tsoho ne, an sha ɗauka a kansa. Ke nan ba a rage ko ɗaya ba, musanya aka yi.

"Wa ke da mabuɗin kabad?"

"Ni da Jibo."

"Nawa ba ya barin jikina," in ji Jibo, da sauri fiye da yadda ake bukata.

Sufeto ya bi rajistar da yatsa. Bandi ɗaya kaɗai aka fitar a makon: ranar Juma'a ƙarfe sha ɗaya, sabo, da sa hannun Alkasim, don hira da manoman Jiratawa. An dawo da shi da safen nan.

Ya sami Alkasim a ofishinsa cikin farar shadda, ƙamshin turare ya cika ɗakin. Bai tashi ba.

"Sufeto! Yarinyar nan ce ta taso ka? Na ce mata karatunta na labarai da gyara, shi ke nan ta ɗauke ni gaba."

"Ina kake ran Juma'a da azahar?"

"Masallaci, sahun gaba. Tambayi wanda ka ga dama. Daga nan na wuce Jiratawa."

"Kai da wa?"

"Ni kaɗai. Zan tahi da Jibo bayan ya haɗa baki da ita?"

"Ina son in ji bandin da ka dawo da shi."

Alkasim ya yi murmushi, kamar dama jiran tambayar yake. Ya jawo ƙaramar mashin ta ratayawa, ya ɗora zaren, ya ɗan sha fama kafin ya zura shi daidai. Sufeto ya zauna minti talatin yana sauraro tun daga farko har zaren ya ƙare. Manoma ne ke maganar taba da rijiyoyin lambu, sai muryar nan mai daɗi tana tambaya. Babu kuka, babu zagi.

"Ka gamsu?"

"Na ji," in ji Sufeto. Ya fito ransa a jagule, don ya tabbata an yi masa ƙarya amma bai ga inda zai kama ta ba.

Da la'asar ya tafi Tibiri, gidan iyayen Zuliha, inda ta koma tun da aka dakatar da ita. Mahaifinta na zaune a zaure yana jan carbi. Ya amsa sallama a taƙaice, ya nuna ciki da haɓa.

Zuliha ba ta wuce ashirin da uku ba. Ta yi lakwal, wato makarantar boko, tana magana tana kallon mutum a ido.

"Dama Baba bai so aikin ba," ta ce. "Yanzu garin nan duk ana cewa ni na bi shi, da ya ƙi ni na yi mishi sharri. Baba ya rantse in anka kore ni bisa ƙarya, in nemi wani uban. Tun Laraba ko gaisuwata ba ya amsawa."

"Jibo ya ce mabuɗinshi ba ya barin jikinshi."

"Ban da Juma'a. In za shi masallaci yana tuɓe rigar aiki ya rataye bayan ƙohwa, mabuɗin na aljihu. Kowa ya sani."

"Alkasim ya saba hita ɗauka shi kaɗai?"

Ta yi dariyar takaici. "Shi? Shekara shida bai taɓa taɓa mashin ba. Cewa yake aikin masu jan zare ne, shi murya ya kawo."

Sufeto ya rubuta wannan ya ja masa layi biyu.

Lahadi da safe ya sauka Jiratawa. Ya sami Malam Sallau, dattijon da aka yi hirar da shi, a bakin rijiyar lambunsa, ƙafafu duk laka.

"Ƙwarai ya zo, bayan la'asar. Mun ji daɗi, mu da muke jin shi cikin akwati."

"Ba abin da ya hwaru?"

Malam Sallau ya waiga, ya rage murya. "Sai dai abin nan nashi. Ba a son hwaɗi."

"Hwaɗi, Baba."

"Da ya aza mashin ɗin bisa tabarma ya danna, sai ta kama zagi! Zagin uwa, ɗana, gaban mutane. Da muryar mace tana cewa sake ni. Ya yi wuf ya kashe, ya ce iskar wata tasha ce ta shigo. Munka ce to, mu mi munka sani? Ya danna wani wuri, munka yi hirarmu."

Nan take Sufeto ya gane. Sabon zare ba ya zagi. Alkasim ya sa sabon a cikin kwalin, ya fito da na shaidar, ya ɗauki hirar manoma a kansa don ya goge shi, ya mayar, lissafi ya cika. Dabara ce mai kyau, kuma ta yi aiki. Abin da ya rage a hannun Sufeto shi ne maganar tsoho mai lambu, wadda kwamiti zai saurara da ladabi ya watsar.

Litinin ƙarfe tara ya tare Jibo a ɗakin injuna.

"Ka yi mini ƙarya bisa mabuɗi."

Jibo ya sunkuyar da kai. "Tsoro na ji, ranka shi daɗe. In anka ce sakacina ne, ni ma korata za a yi."

"Sakacinka ne. Yanzu ba ni amsa. In an ɗauki magana bisa wata, ta farko ta tahi ke nan?"

"Ta tahi."

Sufeto ya juya zai fita.

"Tsaya," in ji Jibo. "Da wace mashin anka ɗauki ta biyun?"

"Ƙaramar, ta ratayawa."

Jibo ya miƙe har kujera ta faɗi. "Babbar tana rubutu bisa duk hwaɗin zare. Ƙaramar rabi take ci, rabi take gogewa, rabi take ji. In ka saurara da ita ba ka jin komi sai sabuwar magana. Amma ɗayan rabin yana nan!"

"Ina bandin?"

"Cikin jakar Yamai. Motar wasiƙu ƙarhe tara da rabi take tashi."

Sufeto bai jira direbansa ba. Ya iske an riga an ɗaure jakar a saman motar, injin na ruri. Mai motar ya fara gardamar cewa jakar gwamnati ce. Sufeto ya ce shi ma na gwamnati ne, ya hau da kansa ya kwance igiyar.

Ƙarfe goma kwamiti ya zauna: darakta, da wani mai farin tabarau da aka aiko daga Yamai, da wakilin ma'aikata. Alkasim ya harɗe ƙafa. Zuliha na can ƙarshen benci ita kaɗai. A gaban darakta akwai takarda da aka riga aka buga da tafireta, kuma Sufeto ya hango sunan da ke kanta.

"Tun da babu shaida..." darakta ya fara.

"Akwai," in ji Sufeto daga bakin ƙofa. "Ina roƙon ku taso zuwa ɗakin ɗauka."

Da Alkasim ya ga kwalin sai ya yi dariya. "Hirar Jiratawa ce. Sufeto ya ji ta da kunnenshi."

"Na ji ta da ƙaramar mashin. Jibo, aza ta bisa babbar."

Zaren ya fara juyawa. Muryar Alkasim ta fito tana yi wa manoma barka da aiki, a hankali, cike da ladabi. Sai ga wata murya a ƙarƙashinta, ita ma tasa ce, tana cewa, "Ke wace ce da za ki ce mini a'a? Ni na kawo ki nan, ni zan hitar da ke." Muryoyin biyu suka ci gaba tare, ɗaya na tambayar Malam Sallau lafiyar iyali, ɗaya na zagin uwar Zuliha.

Darakta ya ɗaga hannu. "Ya isa, ya isa."

"A'a," in ji Zuliha. Hawaye na zuba, amma muryarta ba ta karye ba. "Kwana biyar ana ce mini maƙaryaciya. A bari ya kai ƙarshe."

Aka bari. Aka ji "sake ni" sau uku, sannan ƙarar marin, wadda ta sa mai tabarau ya runtse ido.

Jibo ya kashe mashin. Alkasim ya kalli zaren kamar wanda karensa ya ciza.

"Na goge shi," ya ce a hankali. "Sau biyu na saurara."

"Ke nan ka ɗauke shi," in ji Sufeto.

Alkasim ya ga babu sauran hanya. Ya amsa cewa ya jira Jibo ya tafi masallaci, ya zaro mabuɗin, ya yi musanyar, sannan ya ruga ya samu sallah. Ko a nan bai bar girman kai ba.

"Mari ɗaya ne. Don mari ɗaya za ku zubar da shekara shida? Wa zai saurare ku in ba ni?"

Mai tabarau ya jawo takardar da ke hannun darakta, ya karanta, ya yaga ta biyu. "A buga wata da sunanshi. Daga yau ba ma'aikacinmu ba ne. Kai kuma, Mushe Maliki, za mu yi magana kan wadda ka buga tun ba a zauna ba."

Sufeto ya dafa kafaɗar Alkasim. "Duka, sata, da ɓata shaida. Mu tahi."

Alkasim ya roƙi a fitar da shi ta ƙofar baya. Ofishin ba shi da ƙofar baya. Aka ratsa da shi ta gaban masu goro da masu gyaran keke, waɗanda suka miƙe za su gaishe shi, suka ga ankwa, gaisuwar ta maƙale.

Sufeto na shirin shiga mota Zuliha ta biyo shi.

"Mushe Sufeto, alfarma nike nema. Ka ba ni takarda mai hatimi, cewa ban yi ƙarya ba."

"Kwamiti zai ba ki."

"Baba ba ya karanta boko. Amma ya san hatimin komisariya."

Sufeto ya dube ta, tausayi ya kama shi, da haushin duk mazan da ke cikin zancen nan, har da shi da ya so muryar. Ya ce wa kurtunsa ya wuce da mai laifi a kulle shi.

"Takarda ba ta amsa tambaya," ya ce. "Shiga mota. Ni zan hwaɗa mishi da bakina."

Da suka isa Tibiri tsohon na zaure. Sufeto ya tsuguna ya ba shi labari tun daga farko, bai rage ko zagin ba. Carbin ya tsaya a hannun tsohon. Sannan ya ɗaga kai wajen 'yarsa da ke rakuɓe a bakin ƙofa.

"Zuliha," ya ce. "Kin ci abinci?"