Gidajen da Dogo Ya Ƙi

"Tagar nan ta yi ƙanƙanta."

Auta ta juyo a hankali ta dubi mijinta. Yana tsaye a tsakiyar falon da babu ko kujera, hannuwansa cikin aljihu, yana kallon tagar da mutum biyu za su iya fita ta cikinta a jere.

"Me ka ce?"

"Tagar... kamar iska ba za ta riƙa shigowa ba."

Tsohon labulen da masu gidan suka bari yana ta kaɗawa kamar zai tsinke. Dillalin ya sunkuyar da kai yana wasa da mukullai.

"Malam, don Allah ɗan ba mu wuri," in ji Auta.

Yana fita ta tura ƙofar.

"Dogo, kalle ni!"

Bai kalle ta ba.

"Wancan gidan ka ce bene ya yi tsawo. Na bayansa ka ce maƙwabcin yana da kare. Wanda muka gani makon jiya ka ce famfon wanka yana kuka. Famfo fa! Yau kuma taga?"

"Zuciyata, ki saurare ni..."

"Kada ka ce min zuciyata! Faɗa min gaskiya, za ka biyo ni ko ba za ka biyo ni ba?"

Ya mayar da idonsa kan tagar.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, ba haka Dogonta yake ba. Tun da suka yi aure, Asabar ba ta taɓa samunsu a gida ba. Da sassafe za su cusa tabarma da filas ɗin shayi a tsohuwar motarsa, su ɗauki hanya ba tare da sun san inda za su ba. Wani lokaci bakin ruwa, wani lokaci gindin dutse, wani lokaci motar ta mutu a tsakiyar hanya su zauna a kan but ɗinta suna dariya har bakanike ya iso. Ranar da babban asibitin birnin nan, mai nisa da garinsu, ya kira ta, aka ce ita za ta shugabanci sabon sashen gashin ƙashi, shi ne ya ɗaga ta sama yana juyi da ita a kicin.

"Tafiya za mu yi!" ya ce a ranar. "Ni mai yanka gilashin ido ne, duk inda na je akwai masu hararar allo."

Daga nan yawon ƙarshen mako ya koma neman gida. Daga nan kuma Dogo ya fara mutuwar jiki, ba ta san dalili ba.

Ta share hawayenta da bayan hannu, ta buɗe ƙofa.

"Malam, kawo mukullin. Na kama gidan."

"Auta!"

"Na kama, na ce."

Har suka koma garinsu babu wanda ya kunna rediyo.

Ranar tashi, shi ya ɗauko mata kaya. Shi ya haɗa gado, ya ɗaura sababbin labulaye, ya gwada kowane soket da cajarsa. Da yamma ya tsaya a bakin ƙofa yana murza mukullin mota.

"Shago ba zai yiwu na bar shi yanzu ba. Yaya Babba ita kaɗai ce..."

"Na ji."

"Ki ɗan ba ni lokaci, rabin raina."

"Ka tuƙa a hankali," kawai ta ce.

Sai da ƙarar motar ta ɓace sannan ta zauna a kan kwali ta yi kukanta mai isarta. Tana cikin haka mahaifinta ya kira.

"Auta, wai da gaske ne kin tafi kin bar mijinki? Aiki kika aura ko mutum?"

"Abba, aikin nan na yi shekaru ina roƙon Allah ya ba ni. Mijin ma haka. Babu wanda zan saki a cikinsu."

"Taurin kanki na uwarki ne," ya ce, ya kashe.

Ba ta saki ɗin ba kuwa. Litinin zuwa Juma'a tana sashenta, tana koya wa manyan mutane yadda ake sake taka ƙasa, tana faɗa da masu kawo kayan aiki, tana ɗaga waɗanda suka fi ta nauyi. Juma'a ana tashi sai tasha. Doguwar mota, kujerar baya, gwiwa a ƙirji, jaririn wata yana ja mata mayafi. Ta isa bayanta kamar an doke ta da itace, ta yi murmushi ta ce wa Dogo hanya lafiya lau. Lahadi ta juya.

Idan ta leƙa shagon gilashin da shi da yayarsa suka gada, Yaya Babba ke fara tarbarta daga bayan kanta.

"A'a, baƙuwarmu ta ƙarshen mako! Sannu da hanya. Yaushe za a koma?"

"Ina wuni, Yaya."

"Lafiya lau. Ƙanin nawa dai ya rame, amma ai mai mata a wani gari dole ya rame."

Dogo yana can ciki injin yankan gilashi yana ƙugi, ya yi kamar bai ji ba.

Abin da ya fi damunta ma surukarta ce. Mama, da a da take ajiye mata tsokar da ta fi laushi, yanzu da ƙyar take amsa gaisuwa.

Wata Asabar da hantsi, Auta ta ce yau ko a mutu ko a yi rai. Ta ɗauki man tausa ta tafi gidan Mama ita kaɗai. Ta same ta a falo, ƙafa a miƙe kan matashi.

"Mama, gwiwar ce?"

"Ita ce. Bar ta kawai."

Auta ba ta bari ba. Ta durƙusa, ta naɗe hannun riga, ta fara murzawa a hankali. Tsohuwar ta yi ta ɗaure fuska, can dai ta sauke ajiyar zuciya.

"Hannunki akwai tausayi, 'yar nan. Zuciyar taki ce na kasa ganewa."

"Me na yi, Mama?"

"Ranar da na ji zancen tashinku raina bai so ba, ba zan ɓoye miki ba. Wace uwa ce take son ɗanta ya yi nisa? Amma na haƙura, na sa albarka. To me ya yi miki da za ki ce kada ya biyo ki?"

Hannun Auta ya tsaya cak.

"Ni?"

"Wai kin zama shugaba, za ki riƙa zama da manyan likitoci, ba ki son a ga mijinki mai shago ne."

"Innalillahi... Mama, wa ya faɗa miki haka?"

"Yayarsa."

"Wallahi Mama, gida bayan gida na kai shi yana ƙi! Har roƙonsa na yi. Shi ne ya ƙi bina, kuma har yau bai faɗa min dalili ba!"

Mama ta ƙura mata ido. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta miƙa hannu.

"Ba ni wayata."

Ba a jima ba Dogo ya shigo da gudu, ko rigar aiki bai cire ba.

"Kai!" Mama ta daka masa tsawa. "Wane irin sakarci ne..."

"Mama, don Allah! Kada ki ɗaga murya!" Ya zube a gabanta. "Ki kwanta, ki yi numfashi a hankali. Auta, kawo ruwa! Zuciyarki, Mama..."

"Zuciyata me?"

Ya yi tsuru-tsuru.

"Magana nake maka, zuciyata me ta yi?"

"Yaya ta ce... likita ya ce ta kumbura. Wai ko ɓacin rai kaɗan zai iya... Ta ce ke ma ba ki sani ba, kuma in na tashi daga garin nan, duk abin da ya same ki ni ne. Ta sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba."

"Ni? Ni da likita ya ce zuciyata ta fi ta 'yar shekara talatin? Gwiwa ce ke damuna, dogon banza, gwiwa!"

Da wani lokaci ne da Auta ta yi dariya. Yau kam dariyar ba ta zo ba.

Yaya Babba ta iso tana faɗin an sa ta rufe shago da rana tsaka. Tana ganin fuskokinsu jakarta ta zame daga kafaɗa. Mama ba ta yi ihu ba, tambaya ɗaya ta yi mata.

"Ni kika kashe da baki don ki raba ƙaninki da matarsa?"

Yaya ta faɗi zaune, ta fashe da kuka.

"Mama, ya zan yi? In ya tafi shagon ya mutu! Ni sayarwa kawai na iya, shi ke yanka gilashin. Tun da baban yarana ya rasu, da shagon nake riƙe da su. Tsoro na ji... wallahi tsoro ne."

Auta ta dubi matar da ta sa ta kwana da kuka, ta nemi tsanar da take zaton za ta ji, ba ta same ta ba.

"Yaya," ta ce, "da kin faɗa min haka tun farko, da ni da ke mun zauna mun nemi mafita. Injin nan mutum ne ya ƙera shi. Me zai hana ke ki koya?"

"Ni? Hannuna rawa yake."

"Kullum ina ganin masu rawar hannu suna koyon riƙe cokali daga farko. Naki lafiyarsa ƙalau."

"Kin ji," in ji Mama. "Daga gobe ki zauna gaban injin. Kai kuma ka koya mata. Ku tashi ku ba ni wuri, kafin zuciyar tawa ta kumbura da gaske."

A mota Dogo ya kamo hannunta. Ta zare.

"Hasken idona, ki yafe min. Rantsuwa na yi."

"A asibiti nake aiki, Dogo. Kalma ɗaya da ka faɗa min, da na kai Mama an duba ta a ranar. Amma ka zaɓi ka bar ni ina tunanin ka daina sona."

"Ban taɓa..."

"Ka san sau nawa na tsaya gaban madubi ina tambayar me ya canza a jikina?"

Idanunsa suka kawo ruwa.

"Yaya ta yi ƙarya don tsoro. Kai kuma ka ga ina nutsewa, ka yi shiru." Ta ja numfashi. "Ina sonka, wannan ba ya canzawa. Amma na gama zarya a doguwar mota. Ka san inda nake."

Ta cika maganarta. Juma'a ta zo, ba ta je tasha ba. Ta wanke kayanta, ta zauna a falo tana kallon waya, ƙafafunta na ƙaiƙayin tafiya, ta danne. Kullum yana kira. Yau ya ce Yaya ta fasa gilashi, gobe ya ce ta yanka na wani tsoho a karkace har tsohon ya ce duniya ta kwanta. Auta takan yi dariya, amma ba ta taɓa tambayarsa yaushe zai zo ba. Ta yi wa kanta alkawari ba za ta sake roƙo ba.

Makonni suka shuɗe a haka.

Wata rana da yamma ta fito daga asibiti a gajiye, takalmanta na matsa mata, tana laluben kuɗin tasi. Sai ta ji wani hon mai shaƙaƙƙiyar murya da ko a mafarki za ta gane shi.

Tsohuwar motar ce a bakin get, ta durƙushe saboda kaya. Akwatuna a sama an ɗaure da igiya, kujerar baya cike da kwalaye, fankarsa ta tsaye ta leƙo kai ta gilashi. Shi kuma yana jingine da ƙofa, ƙura har gashin ido.

Ta tsaya. Jakarta ta yi mata nauyi.

"Dogo... yau Litinin ce fa."

"Na sani."

"Shagon fa?"

"Jiya Yaya ta yanka na Mama da hannunta. Mama ta sa, ta kalle ni ta ce ashe haka nake da muni, in tattara in tafi wajen mai iya haƙuri da ni."

Dariya ta ƙwace mata tare da hawaye.

"Kuma yaushe za ka koma?"

Ya taho har gabanta, ya karɓi jakar daga kafaɗarta ya rataya a tasa.

"Ba ni da aiki a garin nan, ban san kowa ba, ban ma san inda ake sayen burodi ba. Ke kaɗai gare ni. In za ki karɓe ni, na zo ke nan."

Masu gadi suna kallo, ma'aikatan sashenta suna leƙe ta bene, ba ta damu ba. Ta kifa goshinta a ƙirjinsa, ta damƙe rigarsa da hannu biyu.

"Ka daɗe," ta ce cikin kuka.

"Na daɗe, Autata. Yafe min."

"Na yafe. Mu je gida."

Ya buɗe mata ƙofar gaba, sai ga tukunyar fulawar da Mama ta ba shi zaune a kujerar, an ɗaura mata bel. Auta ta ɗauke ta ta rungume a cinya, ta ja ƙofa ta rufe.

"Yi dama a shataletale," ta ce tana share ido. "Daga yau ni zan riƙa nuna maka hanya."