Yaron da Ba Ya Juyawa Hagu

A unguwar Kpébié ta garin Parakou an yi wani yaro ɗan aji biyar. Yaro ne mai kuzari da wayo. Aibinsa ɗaya ne. Ba ya tsayawa ya ji ƙarshen magana. Kana fara yi masa bayani, sai ya ce, "Na gane!"

Yana da ƙanwa, sunanta Zouéra. Yana kuma da kawu, Kawu Hassoumi, direban babbar mota. Shi yake ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa ya kai Nijar.

Wata rana, a shekarar 1988, Kawu ya dawo daga Kwatano da wani ɗan akwati. Ya jona shi da talabijin ɗin gida.

"Kawu, rediyo ce?" in ji Zouéra.

"A'a, na'urar wasa ce. Ga kaset biyu, kowanne da wasansa."

A wasa na farko, wani ɗan mutum ne mai dogon hanci yake gudu a kan gada. Hanyar ɗaya ce tak. Daga hagu yake tasowa, ya nufi dama. In ya ga rami, sai ka danna maɓalli ya yi tsalle. In ya faɗa ciki, ba komai, rai uku gare shi.

Wasa na biyu daban ne. Wata yarinya ce take neman akuyarta a cikin wani babban gari mai lunguna. Hanyoyi ga su nan ko'ina. Dole ka tsaya wurin mutanen cikin wasan, ka karanta abin da suka ce da Faransanci.

Yaron ya gwada shi sau ɗaya. Duk wanda ya fara magana, sai ya danna maɓalli ya wuce. Ya yi ta zagaye wuri ɗaya har ya gaji.

"Wannan ba wasa ba ne, jarrabawa ce!" in ji shi. Ya koma wa mai dogon hanci.

Ita kuwa Zouéra wasa na biyu take so. Takan zauna ta karanta komai a hankali.

"Yaya, ka ga? Tsohon nan ya ce a bi ta bayan rijiya."

"Ke kika sani. Gwani ba ya tambaya. Gaba yake yi, sai dama."

Abin ya bi shi har makaranta. A wancan zamani kowa "kamarad" ne, wato abokin gwagwarmaya, ɗalibi da malami. Wata safiya, bayan an ɗaga tuta an shiga aji, malam ya koyar da gabas da yamma, kudu da arewa. Sai ya nuna yaron da alli.

"Kamarad, in ka sauka a baƙon gari, yaya za ka gane hanya?"

Yaron ya miƙe tsaye, ya buga ƙirji. "Gaba da dama, Kamarad Malam!"

Aji ya kwashe da dariya. Malam ya girgiza kai. "To, Allah ya kiyaye hanya," in ji shi.

Da aka yi hutu, Kawu ya kai su Djougou wurin kakarsu, Kaka Uwa. Yaron bai taɓa zuwa garin ba.

Kaka ta tare su a ƙofa tana tsokanarsa. "Maraba da maigidana! Ka zo hannu rabbana? Ina cefanena?"

Ran nan da safe Kaka ta kama wani jan zakara. Ta ɗaure ƙafafunsa da tsumma. Ta kira yaron.

"Maigida, 'yar Malam Moumouni tela ta haihu. Kai musu wannan, a yi wa mai jego farfesu kafin azahar. In ka fita ƙofa, sai ka..."

"Na gane, Kaka!"

"Me ka gane? Ai ban faɗa ba tukuna!"

Amma ina! Ya riga ya rungumi zakara ya yi waje.

Zouéra ta biyo shi soro. "Yaya, tsaya ka ji mana."

"Koma ciki. Ni da na gama gada goma sha biyu ba tare da na faɗi ba?"

Yana fita ya juya dama. Ya wuce wata mata tana suyar ƙosai a gindin mangwaro.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau, ɗan nan."

Ya kai mararraba, ya yi dama. Ya kai wata, ya yi dama. Ya sake yin dama, ya ƙara. Sai ga mangwaro, ga wata mata tana suyar ƙosai.

"Ikon Allah," in ji shi a ransa. "Matan Djougou duk kama ɗaya gare su."

Ya sake gaishe ta, ya wuce. Ya yi dama, dama, dama, dama. Sai ga mangwaro, ga ƙosai.

Matar ta ajiye matsami, ta dube shi da kyau.

"Ɗan nan, kai kaɗai ne, ko 'yan uku ne ku, kowa da zakaransa?"

Kunya ta kama shi.

"Gidan wa kake nema? Faɗa mini in nuna maka."

"Na sani, Inna," in ji shi. "Zakaran ne baƙo. Gari nake nuna masa."

Matar ta yi dariya har ta kusa ƙona ƙosanta.

Wannan karon yaron ya ce ba zai juya ko'ina ba. Gaba kawai zai yi. Ya miƙe ɗoɗar har ya tarar da wata babbar kwata ta tare hanya. Akwai katako da aka gitta don tsallakewa, amma yana can gefen hagu.

"Tsalle zan yi," in ji shi. "Wannan ai ƙaramin rami ne."

Ya ja da baya. Ya rugo a guje. Ya yi tsalle.

Tsundum!

Ya nutse cikin baƙin ruwa har gwiwa. Takalminsa ɗaya ya maƙale a laka. Tsumman ƙafar zakara ya kwance. Zakara ya taka kan yaron, ya yi fiffike, ya dira a ɗaya gefen. Shi kam ya iya tsalle.

"Tsaya! Kai, tsaya!"

Zakara bai tsaya ba. Ya shiga lungu, yaron ya bi shi. Ya bi ta ƙarƙashin shanya, yaron ya fito da zanen wata mata a wuya. Ya ratsa barkonon da aka baza a tabarma, yaron ya fito yana atishawa. Yara suka biyo su suna tafi. Wani tsoho da ke gyangyaɗi a kujera ya farka ya ce, "Wa ya ci, zakaran ko yaron?"

Da ƙyar yaron ya damƙe zakaran a bayan wani rumbu. Ya ɗaga kai yana haki. Bai san inda yake ba. Bai ma san ta inda ya biyo ba.

"Ba komai," in ji shi. Amma muryarsa ta yi sanyi. "Gaba dai."

Ya kama wata jar hanya. Gidaje suka ragu. Gidaje suka ƙare. Sai gonakin doya dama da hagu. Rana ta take tsaka. Ƙasa ta yi zafi, ga ƙafa ɗaya babu takalmi. Ƙishirwa ta kama shi. Daga nesa ya ji kiran sallar azahar, can baya, ƙasa-ƙasa.

Ya tsaya cik. Mai jego tana can tana jira. Kaka kuma za ta ji kunya, a ce ta yi alkawari ba ta cika ba.

Ya zauna a kan wani dutse. A gida, in wasa ya ɓaci, kashe na'ura yake yi ya sake kunnawa. A nan babu maɓalli. Rai kuma ɗaya ne. Hawaye suka zubo masa.

Zakara ya miƙa wuya ya yi cara.

"Kai ma dariya kake mini?" in ji yaron.

Sai ya tuna da wasa na biyu. Yarinyar nan mai neman akuya ba ta gudu. Takan tsaya wurin mutane. Ya share hawaye, ya tashi.

Ga wata mata tafe da itace a ka. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa da yaren Yom. Ya gwada Faransanci, ta girgiza kai. Amma ta ga ƙafarsa, ta ga idonsa. Ta ba shi ruwa a gora. Sannan ta ɗaga hannu ta tsayar da wani mai babur da ya fito daga gona.

Mutumin, sunansa Kabirou, yana jin Hausa.

"Samari, ina za ka da zakara a tsakar rana?"

"Gidan Malam Moumouni tela."

"To, ai wannan hanyar Bariénou ce. In ka ci gaba, sai rana ta faɗi ba ka isa ba. Kuma babu Malam Moumouni a can."

Yaron ya sunkuyar da kai. "Don Allah, Baba, ka nuna mini hanya. Na ɓata."

Kabirou ya fara bayani. Bakin yaron ya buɗe da kansa zai ce, "Na gane." Ya yi maza ya toshe shi da hannu. Ya saurara har ƙarshe.

"Hau mu tafi," in ji Kabirou. "Amma ka buɗe ido. Duk abin da na nuna maka, ka riƙe."

Suka kama hanya.

"Ka ga rimin can? Nan ne bakin gari. Ga injin niƙa. Ga masallaci mai koriyar ƙofa. In ka yi kwana, ka waiwaya, don ka san yadda hanya take in za ka dawo."

Suka zo wucewa ta gindin mangwaro. Mai ƙosai tana wanke kaskonta. Ta ɗaga kai.

"A'a! Yanzu kuma a babur ake nuna masa garin?"

Yaron ya ɓoye fuska a bayan zakara.

Babur ya tsaya a ƙofar wani gida. Ana jin ƙarar keken ɗinki daga soro. Yaron ya sauka, ya duba gefe. Sai ya ga wata ƙofa da ya sani. Ƙofar Kaka ce. Katanga ɗaya ce ta raba gidajen biyu.

Ga Kaka a tsaye da mayafi a hannu. Ga Zouéra. Ga maƙwabta da suka dawo daga nemansa. Idanun Kaka sun yi ja.

Ta rungume shi, laka da komai. Sannan ta kama kunnensa.

"Ka san abin da na so in ce maka da safe? In ka fita ƙofa, sai ka juya hagu. Ƙofa ta farko. Taku goma ne!"

Kowa ya fashe da dariya. Malam Moumouni ya fito da almakashi a hannu. Ya dubi zakaran, duk ya yi butu-butu.

"Wannan zakara ya fi ni sanin Djougou," in ji shi.

Yaron bai yi dariya ba. Ya dubi idanun Kaka. Ya durƙusa.

"Kaka, ki yafe mini. Na sa ki kuka."

"Na yafe. Amma ba ni kaɗai ka yi wa laifi ba."

Ya yi wa Kabirou godiya. Ya shiga ya ba mai jego haƙuri. Da aka yanka zakara, shi aka ba ya fige shi tas. Ya wanke wandonsa da kansa. Ya mayar wa mai shanya zanenta, ya tattara wa mai barkono barkononta. Sai bayan la'asar mai jego ta sha farfesu. Ta aiko masa da cinya ɗaya. Ta ce ya ci, tun da shi da zakaran tare suka sha tafiya.

Da suna cin abinci, ya ce wa ƙanwarsa, "Zouéra, ashe gari irin wasanki ne, ba irin nawa ba."

"Naka ma da daɗi, Yaya," in ji ta. "Amma shi an riga an zaɓa maka hanya."

Washegari Kaka tana dama fura a tsakar gida. Ta ce, "Maigida, ɗauko mini ludayi a ɗakin girki."

Yaron ya zo ya tsaya a gabanta. Ya harɗe hannu a baya.

"Ina sauraro, Kaka."

"Ai na gama."

"Hagu zan bi ko dama?"

"Ga ɗakin nan a gabanka!"

"Akwai wata alama a hanya?"

Kaka ta yi dariya har fura ta zuba. "Oh ni Uwa! Jiya ba ka tambaya, yau kuma za ka ƙarar da ni da tambaya. Alamar ita ce hayaƙi. Yi maza!"

Ya ruga ya dawo da ludayi. Ta jawo shi kusa, ta zuba masa fura.

"Ji nan, maigida," in ji ta. "In babba yana magana, ka bari ya kai aya. In ka je baƙon wuri, ka buɗe ido. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. Tambaya ba abin kunya ba ce. Matambayi ba ya ɓata."

Yaron ya jira, ya ƙara jira.

"Kaka, kin gama?"

"Na gama."

"To, yanzu na gane."