Ƙafa Ɗaya Fara, Ɗaya Baƙa

Ƙarfe biyu da rabi na rana waya ta shigo ofishin 'yan sanda cewa wani ma'aikaci ya faɗo daga kan rufi a wata masana'antar jima da ke Challawa. Insfekta Muhyiddeen ya isa wurin yana share gumi, don zafin Afrilu ya kai inda kwalta take kama takalmi.

Ya tarar da gawar a gindin tsani, an lulluɓe ta da zane. Ma'aikata kusan ɗari sun kewaye ta, babu wanda ya amsa sallamarsa da daɗin rai. Wani mai farar shadda ya matso riƙe da takarda.

"Ni ne Sagir, manaja. Mamacin sunansa Mamman, mutumin Maraɗi ne, shi ke kula da tukunyar tururi. Ya hau wanke farantan sola, santsi ya kwashe shi. Da idona na ga ya hau. Sa hannu kawai za ka yi, Yallaɓai, a sallace shi kafin la'asar."

"Gaggawar me kake yi?"

"Gawar Musulmi ce. Ko a gidanku ajiye ta ake yi?"

Ma'aikatan suka ɗauki gunaguni. Wani dattijo mai suna Malam Idrisu, ƙanen mahaifin mamacin, ya ce, "Ga ruwan wanka can mun tanada. Ka ji tsoron Allah ka ba mu ɗanmu."

Insfekta ya ɗaga zanen. Ƙeyar Mamman a fashe take, hannuwan rigarsa a naɗe har gwiwar hannu, kuma babu takalmi a ƙafarsa. Ƙafar dama fes take, ta hagu kuwa baƙa ƙirin da toka. Ya daɗe yana kallonsu. Ya sani da zarar ruwan wanka ya taɓa gawar nan, maganar ta mutu tare da mai ita.

"Kada wanda ya taɓa shi," ya ce da kofur ɗinsa. "Ko uban waye."

Ya hau tsanin. Yana ɗora tafin hannu a kan kwanon rufin ya janye da sauri, kamar ya dafa murhu. Farantan solar sun fi ɗari biyu, amma layin gaba kawai, wanda ake hangowa daga titi, yake sheƙi. Sauran kuwa, baƙin hayaƙi ya rufe su ruf. Babu bokiti, babu tsumma, babu ɗigon ruwa.

Ya sauko ya sa aka kira injiniyan masana'antar, Usaini.

"Da me injinanku suke aiki?"

"Da hasken rana, Yallaɓai. Muna da takardar shaida. Turawan da ke sayen fatunmu ba sa karɓar kayan da aka sarrafa da wuta mai gurɓata iska."

"To hasken ranar ne yake wannan warin roba?"

Usaini ya sunkuyar da kai.

"Buɗe min ɗakin can."

"Makullin ya ɓata."

Insfekta ya sa aka ɓalle kwaɗon. A ciki ga tukunyar tururi tana huci, ga yankakkun tsofaffin tayoyi tsibi-tsibi har rufi, wasu ma ba a fitar da su daga buhunan da suka zo ciki daga ƙetare ba. Takaici ya kama shi. Shekara uku ke nan yana jin mutanen unguwannin Kumbotso suna kukan tari, ashe ga ɗaya daga cikin masu dafa musu shi.

Bayan tukunyar ya ga buta a kife, ga silifas a jere, ga ƙasa a jiƙe an watsa mata yashi. Ya ture yashin da takalminsa, sai ga jini.

"Usaini, da wace ƙafa kake farawa in kana alwala?"

"Da dama."

"Mamman ma haka. Ya wanke dama, bai kai ga hagu ba. Kai za ka ɗauki laifin, ko za ka yi magana?"

Injiniyan ya fashe da kuka. "Wallahi ɗaukar gawar kawai na taya manaja. Cewa ya yi in na ƙi, ni ma na bar aiki."

Insfekta ya fito tsakar masana'antar, ya tsaya gaban Sagir a idon kowa.

"Ka ce da idonka ka ga ya hau. Cire takalminka ka hau kwanon nan, ka yi min taku biyar, in sa maka hannu."

Sagir ya ɗaga kai ya dubi rufin, bai motsa ba.

"Mamman yana tsugune yana alwalar azahar ka zo ta bayansa. Me ya yi maka?"

Manajan ya yi wurgi da takardar. "Jibi Turawan za su zo duba mu, shi kuma ya rantse sai ya kai su ɗakin can, wai 'yarsa Khadija tana tarin jini. Na lallashe shi, ya ƙi. Dizal ya fi ƙarfinmu, wutar lantarki ba ta awa huɗu a rana. Tayoyin nan daga ina suke zuwa? Daga ƙasashensu! Su turo mana shararsu, sannan su ce sai mun yi tsabta. In suka janye, duk waɗannan da me za su ci? Ƙarfen sifana na ɗauka, sau ɗaya na buga masa."

Sai Malam Idrisu ya tofar da yawu a gaban takalmin manajan, matasa kuma suka yo kansa da duwatsu. Da ƙyar kofur ya tare su, yana zaginsu suna zaginsa.

Insfekta ya ɗauki hotunan gawar, ya kira likita ya duba ta nan take, sannan ya ce da dattijon, "Baba, ku ɗauki ɗanku."

Ana kiran la'asar aka fito da makara, ma'aikata suka fara jera sahu a bakin ƙofa. Sagir, da ankwa a hannu, ya turje a jikin mota.

"Yallaɓai, shekara tara muna tare. Ka bar ni in yi masa salla."

Insfekta ya danna kansa cikin motar. "Shi ka bar shi ya yi tasa?"