Lambar Dalhatu A Kan Kashif

"Wallahi ba zan je ba! Ko a akwati ka saka ni sai na fito!"

Dalhatu bai ɗago ba. Yana durƙushe a gindin bangon falonsu na unguwar Ulaisha a birnin Riyad, sukudireba a baki, yana fama da wayoyi. Ya biyo ta kasuwar Batha ne ya sayo wata 'yar na'ura kamar sandar sabulu, mai ƙaramin gilashi a fuska. Kashif ake ce mata, aikinta ta nuna lambar mai kira kafin a ɗauka. An jima wasu 'yan iska suna damun matarsa da kira in ya fita tuƙi, ta ɗauka su yi ta huci ba magana.

Ya zare sukudireban. "Ruƙayyatu, riƙe min wannan jar wayar."

"Ba zan riƙe ba."

Ta riƙe kuwa. Halin Ruƙayya ke nan tun tana amarya, baki ya ce a'a, hannu ya riga ya miƙa.

Soket ɗin gidan tsohon yayi ne, bai shiga da na kashif ba. Sai da Dalhatu ya yanke waya ya murɗa da hannu, ya naɗe da baƙin salatif, ya zura batir.

"Kafili, maigidana na wurin aiki, ya sa kamfanin waya sun buɗe mana hidimar. Ki ga, lamba hamsin take riƙewa. In sabuwa ta shigo, ta can ƙasa sai ta fita."

"Ni ba wannan na tambaye ka ba."

"Habibti... haihuwar fari ce. Ba ki da uwa a raye. Inna ta ce ita za ta yi miki wankan jego a Funtuwa, da hannunta. In ce mata me?"

"Ka ce mata matarka ba ta iya barci in ba ka a gidan! Wata nawa zan yi ban gan ka ba? Kai iƙamarka, takardar zaman nan, ba ta barinka ka bi ni!"

"Uwata ce, Ruƙayya."

"Ni kuma fa? Ni wace ce?"

 Ya ciro jawwal, wayar hannun da kafili ya ba shi saboda aiki, ya danna lambar gidan. Wayar gidan ta yi ƙara, lambarsa ta fito ɓaro-ɓaro a gilashin. Ya yi murmushin nan nasa mai karya mata zuciya.

"Kin gani? In kika ga wannan, mijinki ne. Ki ɗauka da gudu. Saura kuma ki bar su su yi ta haushi."

Ta murguɗa baki ta shige ɗaki.

Washegari ya tafi kai kaya garin Kharj ba su shirya ba. Ta haɗa masa shayi, ta ƙi kallonsa. Ya shafa cikinta ya ce, "Ɗana, ka ba mamanka haƙuri." Ta ture hannun.

Bayan azahar wayar ta yi ƙara. Ta leƙa gilashin. Shi ne.

Da a ce shekaranjiya ne, da ta ɗauka, don ba ta san wa ke kira ba. Da ya ce "Ruƙayyatu" ta yi masa tsaki, ya yi dariya, shi ke nan. Amma yanzu ga lambarsa tana kallonta. Ta naɗe hannu a ƙirji ta ce a ranta, ya ɗan ji yadda ake ji. Wayar ta yi ta kuka har ta gaji.

Bai sake kira ba. Kafin magariba Laouali, mijin maƙwabciyarta Zouera, mutumin Damagaram, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa. Tirela ce ta bi ta kan motar Dalhatu a hanyar dawowa. A Riyad aka binne shi.

Ruƙayya ta shiga takaba. Ba ta yi irin kukan da mata ke yi ba, abin da ya fi ba Zouera tsoro ke nan. Zama kawai take a gaban kashif, ta danna maɓalli har ta iso lambarsa, ta zuba mata ido. Jawwal ɗin ya murƙushe a cikin motar. Duk duniya nan ne kaɗai wurin da ya rage Dalhatu yana nemanta.

Mutanenmu kuwa ba sa wasa da gaisuwar mutuwa. Direbobi abokansa, ɗaliban jami'a da yake kaiwa Batha kyauta, matan Jidda, dangin Makka, kowa sai ya kira. Tana amsawa, "Amin, na gode," har ranar da ta lura sai ta daɗe tana dannawa kafin ta iso shi. Sai maganarsa ta faɗo mata: ta can ƙasa sai ta fita.

Ta duba. Shi ne a can ƙasa. Kira ɗaya ya rage.

Ta fizge kan wayar ta ajiye a ƙasa, ta ɗora filo a kai. Duk mai kira yanzu sai ya ji layi a cike.

Haka aka kwana biyu. Ran nan Zouera ta shigo da kwanon fura, ta dire shi da ƙarfi.

"Ruƙayya, ki ji tsoron Allah. Laouali ya je kabina, wurin buga wayar kuɗi, ya kira Inna a Funtuwa. Tsohuwar nan kullum sai an kai ta gidan mai waya, ta wuni tana neman layinki. Ta daina cin abinci!"

"Ya ce mata ina lafiya."

"Ba muryar Laouali take so ba! Ɗanta guda ne, an binne shi a ƙasar da ba ta taɓa gani ba. Ke kaɗai kika rage mata, ke da abin da ke cikinki."

"To ni in kira ta..."

"Da wane layi? Naku ba ya fita waje, kin sani. Kabina kuma ba ki da halin fita."

"Anti Zouera, in ta kira zai fita!" Muryarta ta fashe. "Ya kira ni ban ɗauka ba! Ina tsaye a nan ina kallonsa! In ya fita daga nan ina zan same shi in ba shi haƙuri?"

Zouera ta zauna daɓas. "Laouali ya ce zai iya yanke abin daga layin, ki ajiye."

"Ya rantse ba zai goge ba?"

Zouera ta kau da kai. Laouali tela ne, ina ya san wannan?

"Ba mai taɓa ƙullin da ya yi da hannunsa," in ji Ruƙayya.

Zouera ta share ido da bakin mayafi. "To ki zauna da lamba. Ita kuma tsohuwa ta mutu da kewarku, ku biyu."

Ta fita. Ruƙayya ta daɗe tana kallon gilashin. Ɗan cikinta ya motsa, daidai wurin da ta ture hannun ubansa. Ta sumbaci gilashin, ta ce a hankali, "Ka yafe min, masoyina." Ta ɗauke filon, ta mayar da kan wayar.

Ko tashi ba ta yi ba wayar ta yi ƙara. Kiran ƙasar waje ba ya zuwa da lamba, 'yan layuka ne kawai suka jeru a gilashin. Wannan karon da gudu ta ɗauka.

"Inna..."

"'Yar nan! Ruƙayya, ke ce? Alhamdu lillahi... Na ɗauka ke ma kin tafi kin bar ni."

Suka yi ta kuka, layin yana shuu tsakaninsu.

"Inna, zan zo. Da na fita takaba zan zo miki da jikanki, in zauna."

"Ai na riga na yafe miki zuwan, 'yar nan. Bai gaya miki ba?" Inna ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, ko yanzu ma ba ta kira ba. "Ran da abin zai faru, yaron nan ya sa aka kira ni da hantsi. Ya yi ta roƙona in bar ki ki haihu kusa da shi, wai ba kya barci in ba ya nan. Na ce na bari. Yana ta dariya, ya ce bari ya kashe ya kira ki yanzu-yanzu ya yi miki albishir... Ya same ki kuwa?"

Ruƙayya ta sa yatsa a maɓallin. Ta danna, ta danna, har ƙasa. Lambar wani direba ce a wurin.

"Ruƙayya? Kina jina? Ya same ki?"

"Ya kira, Inna," ta ce, hawaye na ɗiga a kan gilashin. "Wallahi ya kira."