Bayan Kiran Magariba

Jaka ɗaya, kwamfuta, man shafawa na gwiwar Bapak mahaifina, alewar Ibu mahaifiyata, sai zoben da na cusa cikin safa. Da su na hau jirgin ƙasa daga Bandung zuwa Solo.

Muna tsakiyar gonakin shinkafa saurayina Mas Jati ya kira.

"Masoyiyata... in ya yi zafi ki bari. Ba na son ki rasa gida saboda ni."

"Ka ci abinci?"

"Wening, maganar aure nake miki!"

"Ni ma. Ba na auren mai rama."

Ya yi dariya. Na kashe wayar.

Maganar ba ta da tsawo. Pakde Harjo, yayan Bapak, ya haɗa weton ɗina da na Jati, wato ranar haihuwa da ranar kasuwar da ta faɗa a zagayen kwana biyar na Jawa, ya ce lissafi ya nuna rabuwa. Bapak kuwa bai taɓa tsallake maganar yayansa ba.

A jami'a tsarin bayanan kasuwanci nake karantawa. Mutanen garinmu sun ɗauka gyaran kwamfuta ne. Abin da aka fi nanata mana shi ne: kafin ka yarda da sakamako, ka tambayi wanda ya shigar da bayanin, da inda ya samo shi. Malamarmu takan ce wanda ya zuba tsakuwa a injin niƙa kada ya jira gari.

Na sami Bapak da Pakde a falonmu, shayi na huce musu. Na sumbaci hannuwansu na zauna.

"'Yar boko ta iso," in ji Pakde. "Kwamfutar ce za ta ba mu miji?"

"A'a, Pakde. Ita ma abin da aka ba ta take ci. Tambaya ɗaya ce da ni. Da wace rana ka yi min lissafi?"

"Talata mana, ranar kasuwar Wage! Tun kina zanin goyo kowa ya sani."

"Wa ya faɗa maka?"

Ya nuna Bapak. Bapak ya gyara zama.

"A asibiti suka ce Talata."

"Asibiti da agogon Turawa suke aiki, Bapak. Ranarsu sai tsakar dare take juyawa. Tamu fa?"

Kowane yaro a Jawa ya san in rana ta faɗi, an shiga gobe.

Na juya wurin ƙofar kicin. "Ibu, da wane lokaci na zo duniya?"

Ta goge hannu a zaninta. "Ladan ya gama kiran magariba, Nduk, 'yata. Ina ji, ina cewa a raina yarinyar nan sai ta sa na rasa salla."

"Me ya hana ki faɗa?" Pakde ya daka mata tsawa.

"Wa ya tambaye ni? Ku da kuka haife ta!"

Dariya ta kusa ƙwace min.

"Laraba ke nan, ranar kasuwar Kliwon..." Pakde ya fara lanƙwasa yatsu. "Bari in sake."

"Ka sake, Pakde," na ce. "Amma ka sani tun yanzu, ko me ya fito, Jati nake so. Ban zo neman wani sakamako ba. Ba na dai son a yanke min hukunci da ranar wata."

Bapak ya daɗe yana kallona. Sai ya miƙe da ƙyar, ya dafa kafaɗata, muka fita baranda. A ciki Pakde na ta ƙirga.

"Duk shekarun nan ban san ranar 'yata ba," ya ce a hankali.

"Ka san ni, Bapak. Ya isa."

"Ya fito!" Pakde ya ƙwala. "Ku zo ku ji!"

Bapak ya miƙa hannu ya ja ƙofar, ta rufe.

"Kira yaron nan," ya ce. "Ki ce ya turo manyansa."