Gyaran Sunan Ba'ana

Tun da abokin aikina Walid ya koma Abuja, ni kaɗai nake rufe shagonmu na zane da buga fosta a unguwar Gomari. Ranar nan bayan magariba, ina haɗa fostar sadakar bakwai ta wani mamaci. 'Ya'yansa sun turo hoto da suna ta waya, na tura musu samfuri, suka ce a buga kawai.

Aka yi sallama, na amsa ban ɗago ba. Wani dattijo ya tsaya a bayan kujerata, sai ƙamshin kafur ya cika shagon. Fanka tana kaɗawa, amma gefen farar rigarsa ko motsi ba ya yi.

Ya ce, "Ɗana, sunan Ba'ana ne, ba Bana ba."

"Baba, ai iyalansa sun gani, sun amince."

Ya ce, "Na sani. Babu wanda ya karanta."

Na gyara sunan a ƙarƙashin hoton mamacin, mai tabo a girar hagu. A gilashin kwamfuta na hango irin tabon nan a fuskar dattijon, daidai saman kafaɗata.

"Yauwa," in ji shi a hankali. "Haka mahaifiyata take kirana."